Ba Kowane Kullutu Ne Ciwon Daji Ba

A wannan wata filinmu na kiwon lafiya zai yi bayani a kan kullutu da ƙari da tabo masu fitowa a fatar jiki. Da wuya a sami gidan da babu mai irin wannan abu. Wani nasa a wuya yake, wani a baya, wata a kunne, wani kuma a tafin ƙafa. Da zarar abin ya fara girma sai hankali ya tashi. Maƙwabta su shiga raɗe-raɗi, ana cewa ai wane daji ne ya kama shi.

To, ku kwantar da hankalinku. Mafi yawan kullutun da ke fitowa a fata ba ciwon daji ba ne. Ba sa yaɗuwa cikin jiki, ba sa kisa. Amma akwai kaɗan daga ciki waɗanda daji ne na gaske, wato sankara, wadda wasu ke ce wa kansa. Matsalar ita ce, mai illa da marar illa sukan yi kama da juna ƙwarai. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Ko likita ma, sau da yawa sai ya yi gwaji kafin ya raba su.

HASARA IRI BIYU

Rashin sanin wannan bambanci yana jawo hasara iri biyu.

Ta farko hasarar tsoro ce. Mutum yana da ɗan kullutun kitse wanda ba ya cutarwa. Sai wani ya ce masa daji ne. Ya sayar da akuya, ya sayar da hatsi, ya yi ta yawon neman magani. Wata yarinya a fasa aurenta saboda tabo a kunne. Wata mai sayar da ƙosai mutane su guje ta, alhali ko ciwon dajin gaske ma ba a ɗaukarsa ta cin abinci, ko gaisawa, ko zama tare.

Ta biyu hasarar sakaci ce, kuma ita ta fi muni. Mutum yana da dajin gaske, ƙarami, wanda za a iya cirewa a rana ɗaya. Sai ya ce ai irin na ƙanena ne, shekara 10 ke nan bai yi masa komai ba. Ya zauna. Kafin ya je asibiti ciwon ya shiga jiki.

Maganin hasarar nan duka biyu ɗaya ne: a je a duba, a tabbatar.

MENE NE BAMBANCINSU?

Jikin mutum an gina shi ne da 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu. Kullum tsofaffi suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu. Wani lokaci sai waɗansu su yi yawa a wuri ɗaya, su taru. Wannan tarin shi ne ƙari.

Ƙari marar illa kamar dutse yake a tsakiyar gona. Yana nan inda yake, yana da iyaka. In ka tono shi ka fitar, an gama.

Ciwon daji kuwa kamar tofa yake. Abin da ka gani a sama kaɗan ne. Saiwarsa tana bi ta ƙarƙashi, tana cin naman da ke kusa. In aka bar shi, sai ya bi hanyoyin jini da na ruwan jiki ya tsiro a wani wuri, kamar huhu, ko hanta, ko ƙashi. Shi ya sa ake son a tare shi tun bai yi nisa ba.

MASU KAMA DA DAJI, AMMA BA DAJI BA

Ga guda 7 da aka fi gani a ƙasarmu.

1. Kullutun kitse. Kitse ne ya taru a ƙarƙashin fata. Yana da taushi. In ka taɓa shi sai ya zame gefe. Ba ya zafi, kuma a hankali yake girma, shekara da shekaru. Ya fi fitowa a baya, da kafaɗa, da wuya, da dantse, da cinya. Likitoci na kiransa lifoma. Amma akwai wani dajin nama mai kwaikwayonsa. Saboda haka in kullutun ya wuce santimita 5, wato ya fi ƙwan kaza, ko ya yi tauri, ko yana girma da sauri, a kai shi asibiti.

2. Jakar maiƙo. Wata 'yar jaka ce a cikin fata, cike da farin abu mai kauri, mai wari. Sau da yawa akan ga ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarta. Takan kumbura ta yi ja idan ƙwayoyin cuta sun shiga. Matse ta ba ya kashe ta, domin jakar tana nan, za ta sake cika. Sai likita ya cire jakar gaba ɗaya.

3. Tabo mai tudu. Wasu kan kira shi tusar jaki, likitoci kuma kiloyid. Yana fitowa ne inda aka taɓa jin rauni: hujin kunne, ko tsaga, ko ƙuna, ko yankan aski, ko ƙurji. Rauni ya warke, amma tabon ya ci gaba da girma har ya wuce inda raunin yake. Yana da tauri da santsi, yakan yi ƙaiƙayi. Ya fi kama baƙar fata, kuma yakan bi dangi. Ba ya zama sanadin mutuwa. In aka yanke shi kawai, yakan dawo ya fi da girma. Don haka likitoci sukan yi masa wata allura a cikin tabon, sau da yawa, har ya kwanta. Sai dai a lura, akwai wani dajin fata mai girma a hankali wanda ya yi kama da shi sosai. In irin wannan tudu ya fito inda ba a taɓa jin rauni ba, kuma yana ta ƙara 'ya'ya, to, sai an gwada.

4. Baƙaƙen ƙuraje na fuska. Ƙanana ne kamar ƙwayar gero ko dawa. Suna fitowa a kumatu, da gefen ido, da wuya. Mata sun fi samunsu, kuma suna ƙaruwa idan shekaru sun ja. Gado ne, ba cuta ba. Akwai manyansu masu fitowa a baya ko ƙirjin tsofaffi, kamar an ɗiga kakin zuma ya daskare a kan fata. Baƙinsu yakan sa a zaci mugun daji ne, amma yawanci lafiya lau ne.

5. Jan tsiro mai zubar da jini. Wannan yana ba mutane tsoro ƙwarai. Cikin 'yan kwanaki ko makonni sai ya fito, ja wur kamar ɗanyen nama. Da an ɗan taɓa shi sai jini. Ya fi fitowa a yatsa, ko leɓe, ko fuska. Yara suna samunsa, mata masu ciki kuma yakan fito musu a dasashi. Tarin ƙananan jijiyoyin jini ne kurum. Amma da yake akwai daji mai irin wannan kama, in an cire shi ana son a gwada naman.

6. Kullutu mai rami a tsakiya. Yakan fito a fuska ko bayan hannu, inda rana ke duka. Masu hasken fata da zabiya sun fi samunsa. Cikin mako 4 zuwa 8 sai ya tasa kamar ɗan suri, da rami a tsakiya cike da busasshen abu mai tauri. Wani lokaci bayan 'yan watanni yakan motse da kansa, ya bar tabo. Wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya yi bayaninsa tun 1889. Har yau shi ne ya fi wahalar rabawa da dajin fata, ko a ɗakin gwaji. Saboda haka likitoci ba sa jiran ya motse. Cire shi suke yi gaba ɗaya.

7. Kullutun tsutsa. Mutanen da ke zaune kusa da kogi mai gudu sun san wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo. Shi ne ke yaɗa cutar makanta ta bakin kogi. Tsutsotsin cutar sukan dunƙule a ƙarƙashin fata su yi kullutu mai tauri, marar zafi. Ya fi fitowa inda ƙashi ke kusa: ƙugu, da haƙarƙari, da gwiwa. Sau da yawa akwai ƙaiƙayi mai tsanani. Wannan ba daji ba ne. Maganin cutar shi ne ƙwayar Mectizan, wadda kamfanin Merck na Amurka ya fara bayarwa kyauta a 1987.

INA DAJIN GASKE YA FI FITOWA?

Wasu suna cewa dajin fata ciwon Turawa ne. Gaskiya ne Turawa sun fi mu samunsa, domin baƙin fatarmu yana kare mu daga zafin rana. Amma mu ma yana kama mu, sai dai wuraren da yake fitowa sun bambanta. Ga wurare 4 da za a sa wa ido.

Na farko, tsohon gyambo da tsohon tabon ƙuna. Gyambon ƙafa da ya shekara da yawa bai warke ba yana iya juyewa ya zama daji. Haka nan tabon wuta, ko da an ƙone tun ana yaro. Yakan ɗauki shekara 20 ko 30 kafin ya juye. Alamarsa ita ce, bakin gyambon ya yi tudu, ya yi tauri, ya juyo waje kamar leɓe. Nama ya tsiro a ciki, wari ya ƙaru, jini yana fita. Ana kiran wannan ciwo da sunan wani likitan Faransa, Marjolin, wanda ya rubuta labarin irin wannan gyambo a 1828. Likitocin manyan asibitocin Zariya da Kano sun daɗe suna ganinsa a ƙafafun manoma.

Na biyu, tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Nan ne wani mugun daji mai suna melanoma ya fi fitowa a jikin baƙar fata. Yakan fara kamar baƙin tabo, ba tudu, ba zafi. Mutum ya zaci ƙaya ce, ko kanta, ko faso, ko tuntuɓe. Shahararren mawaƙin nan na ƙasar Jamaika, Bob Marley, haka nasa ya fara. A 1977 aka ga baƙi a ƙarƙashin farcen babbar yatsarsa ta ƙafa. Da farko an ɗauka rauni ne na wasan ƙwallo. Gwaji ya nuna melanoma ce. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsar, bai yarda ba. Ciwon ya bazu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa. Ya rasu a watan Mayu na 1981 yana da shekara 36. Kuɗi da suna ba su hana ba.

A nan ma kada a firgita. Baƙin layi a farce abu ne da aka saba gani a jikin baƙar fata, sau da yawa a yatsu da dama, kuma ba ya komai. Jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe yakan bi farce ya fita yayin da farcen ke girma. Wanda ake tsoro shi ne layi ɗaya a yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi, baƙin yana tsallakowa kan fatar gefe, ko farcen yana tsagewa.

Na uku, fatar 'yan uwanmu zabiya. Fatarsu ba ta da sinadarin da ke tare zafin rana. Don haka sun fi kowa shiga hatsarin dajin fata, tun suna matasa. Yakan fara da kaushi ko ɓawo a fuska, ko kunne, ko leɓe, ko wuya. Duk ƙurjin da ya ƙi warkewa a jikin zabiya a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Su riƙa sa malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, su shafa man kare fata daga rana, su guji aikin gona da tsakar rana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da su.

Na huɗu, tabo masu duhu ko ruwan hanta, da yawa, a ƙafa ko cikin baki, wani lokaci tare da kumburin ƙafa. Wannan yana iya zama wani daji mai suna Kaposi. Ya fi kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai ƙanjamau. In likita ya ce a gwada jini, kada a ji kunya, kada a ji haushi. Maganin ƙanjamau yana taimakawa ƙwarai wajen kwantar da wannan ciwo.

ALAMOMIN DA KE CEWA TASHI KA TAFI

Ka je asibiti idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Miki ko ƙurji ya wuce mako 4 bai warke ba.
2. Kullutu ko tabo yana girma da sauri.
3. Tawadar Allah da ka daɗe da ita ta canza girma, ko kama, ko launi.
4. Tabo mai launi fiye da ɗaya, ko bakinsa ba daidai ba, ko faɗinsa ya wuce gindin fensir.
5. Yana zubar da jini ko ruwa ba tare da an buge shi ba.
6. Ya yi tauri, ya manne, ba ya motsi in an taɓa.
7. Kaluluwa ta fito kusa da shi, a wuya, ko hammata, ko matsematsi, ta ƙi sauka.
8. An taɓa cire shi, ya dawo.
9. Kana ramewa ba dalili.

Ganin alama ɗaya ba ya nufin lalle daji ne. Yana nufin lokacin gwaji ya yi. A kuma riƙe wannan da kyau: rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Dajin fata da yawa ba ya zafi a farkonsa.

YADDA LIKITA KE GANEWA

Mataki na farko tambaya ce. Yaushe abin ya fito? Yana girma? Yana jini? An taɓa jin rauni a wurin? Akwai mai irinsa a danginku? Me aka shafa masa? Ka faɗi gaskiya duka. In ka je wurin wanzami ko mai maganin gargajiya, ka faɗa. Likita yana bukatar ya sani ne domin ya gane abin da yake gani.

Mataki na biyu dubawa ne. Likita zai duba launi da bakin abin. Zai taɓa ya ji taushi ko tauri. Zai auna shi. Zai lalubi kaluluwa. Yana iya duba sauran jiki, har tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Wasu likitocin fata suna da wani ɗan madubi mai fitila da suke ɗorawa a kan tabo, yana nuna abin da ido ba ya gani. In kullutun yana da zurfi, ana iya ɗaukar hotonsa da na'ura. Sau da yawa a nan ake tsayawa. Likita ya ce wannan kitse ne, je ka, in ya canza ka dawo.

Mataki na uku shi ne gwajin nama, wanda likitoci ke kira bayofsi. Ana yin sa ne idan akwai shakka. An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, idon likita ƙima yake yi. Gwajin nama shi ne mudun.

Ga yadda ake yi. Za a wanke wurin. A yi allurar kashe zafi a gefensa, kana zaune ido biyu. A yanki ɗan kaɗan, ko a cire abin duka idan ƙarami ne. A ɗinke da zare. Yawanci a ranar za ka koma gida. Wani lokaci siririyar allura kawai ake sokawa a zuƙo ɗan abin da ke ciki.

Naman da aka cire za a sa shi cikin kwalba mai ruwan magani don kada ya ruɓe. A rubuta sunanka a jiki. A kai ɗakin gwaji. A can za a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri, ya fi ɓawon albasa siranta. A rina shi da launi, a ɗora a kan gilashi. Sannan wani likita, wanda aikinsa ke nan, ya duba shi da madubin da ke girmama abu sau ɗari-ɗari. Zai ga ko ƙwayoyin halittar suna jere cikin tsari, ko sun hargitse. Zai ga ko sun tsaya a iyakarsu, ko sun kutsa cikin naman gefe. In daji ne, zai duba bakin yankan ya ga ko an kwashe shi duka.

Wannan aiki yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Sai an yi haƙuri. Amma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. An cire kullutu, miki ya warke, sai mutum ya ce shi ke nan, ba ya komawa karɓar takarda. Kada ka yi haka. Takardar ita ce amfanin wahalar duka. In ta ce ba daji ba ne, ka huta da zullumi, ka huta da kashe kuɗi. In ta ce daji ne, an kama shi da wuri, za a san abin yi.

WAI DAJI BA YA SON ƘARFE?

Akwai maganar da ta daɗe a bakin mutane, wai ciwon daji ba ya son allura ko wuƙar likita, in an taɓa shi sai ya haukace. Wannan magana ta jawo asarar rayuka da yawa. Ga inda ta samo asali. Mutane sukan zauna a gida sai ciwo ya ci jiki sannan su je asibiti. A yi aiki, amma an riga an makara. In mai ciwon ya rasu sai a ce wuƙa ce. Alhali jinkiri ne ya kashe shi. Dajin fata da aka kama yana ƙarami, aka yanke shi tare da ɗan naman gefe, mafi yawanci yana warkewa sarai.

Haka kuma za ka ji an ce wane yana warkar da daji da saiwa ko turare. Mu Hausawa kusan duk kumburi ko miki mai taurin kai daji muke ce masa. Ka tuna da jerin nan na sama. Wani kullutun da kansa yake motsewa. Maruru da kansa yake fashewa. In irin wannan ya warke a hannun mai magani, sai a ce ya warkar da daji, alhali tun farko ba daji ba ne.

Saboda haka ga abubuwan da za a guje wa. Kada a yi wa kullutu sakiya, ko tsaga, ko ƙaho. Kada a ɗaure shi da zare ko gashin doki. Kada a zuba masa ruwan batir, ko toka, ko kanwa. Kada a yanke shi da reza. In tabo mai tudu ne, zai ƙara girma. In jan tsiro ne, jini zai zuba. Ƙarfe marar tsabta yana kawo ciwon sandarewar jiki, da ciwon hanta, da ƙanjamau. In kuwa daji ne, an cire kansa an bar saiwa, kuma an jefar da naman da za a gwada. Ko a ina aka yi maka aiki, ka tambaya: za a kai naman gwaji?

INA ZA A JE?

Fara da ƙaramin asibitin da ke kusa da kai. Malamin asibiti zai duba. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai ba ka takardar zuwa gaba. Ka riƙe ta da kyau.

Ga mutanen Kujama, da Kasuwan Magani, da Kajuru, da Kachia, hanyarku ta Sabon Tasha take shigowa Kaduna, kuma akwai babban asibitin gwamnati a can. Mutanen Kakau da Gwagwada kuma ta wajen Gonin Gora. A Kakuri akwai Asibitin Gwamna Awan na gwamnatin jiha, da Asibitin St. Gerard na mishan. Duk waɗannan a kudancin Kogin Kaduna suke, ba sai an haye gada ba.

In ana bukatar babban bincike, sai a haye kogi zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. An sa masa sunan Dokta Barau Dikko ne, likita na farko daga Arewacin Nijeriya. Gaba da nan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, tafiyar kamar kilomita 80 daga Kaduna. A can akwai likitocin fata, da masu gwajin nama, da sashen kula da masu ciwon daji. In an tura ka can, kada ka ɗauka an yanke maka hukunci. Kayan aiki ne suka fi yawa a wurin.

Ka tafi da sassafe. Ka tafi da katinka da duk tsofaffin takardunka. Ka tambayi kuɗin gwaji tun farko domin ka shirya. Ka tambayi ranar da za ka dawo, ka rubuta ta.

AMFANIN KARATU A NAN

Ku ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi aiki. In kana da kullutu ko tabo, ɗauki tsinken tsintsiya ka auna faɗinsa. Karya tsinken daidai. Zana tsawonsa a littafinka, ka rubuta kwanan wata. Bayan wata ɗaya ka sake aunawa. In akwai wayar hannu mai ɗaukar hoto a gidan, a ɗauka, a ajiye kwabo ko maɓalli a gefe don a ga girman. Ranar da ka je asibiti ka nuna wa likita. Amma in akwai ɗaya daga cikin alamomin nan 9, kada ka tsaya awo, tafi kawai.

Sau ɗaya a wata, bayan wanka, ka dubi jikinka da rana. Ka wanke ƙafa sosai ka dubi tafinta da tsakanin yatsu. Miji ya duba bayan matarsa, mata ta duba bayan mijinta. A duba ƙafafun tsofaffi, domin idonsu ya yi rauni, kuma ba sa son faɗin ciwo. Magidanta, in matarku ta ce wani abu ya fito mata, ku ba ta izini da kuɗin mota. In tana jin nauyin namiji ya duba ta, a nemi ma'aikaciya mace.

Muna roƙon masu unguwa, da limamai, da fastoci, da malaman ajin manya su isar da wannan saƙo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kada a tsorata mai kullutu, kada kuma a ce masa ba komai. A ce masa ya je a duba, a gwada, ya karɓo takardarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.